Jiran lokacin Allah nake yi, ko tsoro ne ya zaunar da ni?

Ayuba_Zango: Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ina da tambaya, don Allah a ba ni amsa ta gaskiya ba "yi haƙuri" kawai ba. Na gama jami'a nan Damagaram, na yi sarbis sibik, wato bautar ƙasa, yanzu shekaru ke nan ina koyarwa a kwantaragi, duk sanda sunayen waɗanda aka ɗauka aikin dindindin suka fito nawa babu. Abin da nake samu bai kai ni ƙarshen wata, ga yarinyar da nake nema iyayenta sun fara tambayar ina aka kwana. Wani abokina yana ta kirana in bi shi arewa wajen haƙar zinariya, wai kafin shekara ta zagayo na haɗa kuɗin aure. Duk wanda na gaya wa a majami'a sai ya ce mini jira lokacin Allah. To ta yaya mutum zai gane Ubangiji yake jira, ko kuwa tsoro ne ya zaunar da shi yana laɓewa da sunan Allah? Kuma in na tafi, na riga Allah ke nan?

Rifkatu227: Ɗan'uwa karanta Ishaya 40:31, masu jiran Ubangiji ƙarfinsu sabuntawa yake. Kar ka karaya, naka na nan zuwa. Amin.

Dan_Karkada: Rifkatu ba wai na ƙi ayar ba, amma ai wannan ɗin ne ya ce kar a yi masa. Mutum ya kawo damuwarsa a buɗe sai a miƙa masa aya guda a wuce. Ayuba ya san Ishaya 40, da ita muka tashi tun makarantar Lahadi. Tambayarsa ita ce ya tafi ko ya zauna.

Rifkatu227: To ni abin da ya riƙe ni ke nan na ba shi, ban ce ya isa ba

Baba_Istifanus: Ayuba ɗana, sannu. Bari in ce wani abu kan maganar riga Allah, don naga ita ce ta fi damunka. Mutum biyu ake kawowa kullum in ana wannan zance. Na farko Ibrahim, Allah ya kira shi yana da shekara 75, Ishaku bai zo ba sai da ya kai 100, shekara 25 ke nan. A tsakani Saratu ta gaji ta ba shi Hajaratu, aka haifi Isma'ilu yana da 86, kuma kowa ya san rikicin da ya shiga gidan nan. Na biyu Saul a Gilgal, 1 Sama'ila 13. An ce ya jira Sama'ila kwana 7, ya jira, ya ga mutane na watsewa, sai ya miƙa hadayar da kansa, yana gamawa ga Sama'ila ya iso. Ka lura da kyau, su biyun nan Allah ya riga ya yi musu magana a fili kan abin, suka bi ta wata hanya dabam. Kai Allah ya taɓa ce maka kar ka bar Damagaram? In bai ce ba to tafiya neman abinci ba zunubi ba ce, Yakubu da kansa ya tura 'ya'yansa Masar sayen hatsi lokacin yunwa. Abin da za ka duba shi ne hanyar, tana da tsabta ko babu, za ta sa ka ƙarya ko cin hakkin wani ko ɓoye bangaskiyarka, kuma uwarka da wa za ka bar ta.

Ayuba_Zango: Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Inna tana hannuna ne kam, yayyena duk suna nesa.

Markus_Kabukabu: Ni dai kalmar "jira" ɗin nan yadda ake faɗinta ce ba ta yi mini. Ni ma da takardata a akwati, amma kabu-kabu nake yi daga Dole zuwa ko'ina cikin gari, da shi na yi aure da shi nake biyan haya. Bulus fa ɗinkin tanti yake yi da hannunsa, kuma shi ya rubuta wa Tasalonikawa cewa wanda ya ƙi aiki kar ya ci. Dosiyena na neman aiki na nan na ajiye, ina addu'a a kansa, amma ban jingine babur ina kallon sama ba. Ayuba kai ma ai ba zaune kake ba, kana aji kullum da yara, wannan aiki ne ko da albashin bai kai ba. Ka nemi ɗan abin yi da marece ka haɗa.

Nasara_Tabbas: Matsalar ita ce ba ku furtawa! Ayuba wannan jinkiri ba na Allah ba ne, an ɗaure ka ne. Ka yi azumi, ka shuka iri mai nauyi, wato baikon kuɗi, a hannun bawan Allah, ka furta cewa kafin watan nan ya ƙare sunanka zai fito. Na ga waɗanda aka yi wa haka ya buɗe. Bana shekararka ce!!

Fasto_Bulus_Dmg: Nasara ɗan'uwana, da ƙauna nake faɗa, amma wannan ba zan bari ta wuce ba don akwai yara a gurup ɗin nan. Ka buɗe Irmiya 28. Mutanen Yahuza na ƙarƙashin Babila, Hananiya ya tashi a Haikali gaban kowa ya ce cikin shekara 2 Allah zai karya karkiyar Babila a dawo da komai. Magana mai daɗi, kowa na son ji, Irmiya ma cewa ya yi amin, Allah ya sa. Amma ba Allah ya aiko shi ba, kuma a shekarar nan ya mutu. Abin da Allah ya faɗa ta bakin Irmiya a sura 29 shi ne shekara 70. Kuma me ya ce su yi a cikinsu? Su gina gidaje, su dasa gonaki su ci, su yi aure su aurar da 'ya'yansu, su nemi lafiyar garin da suke ciki su yi masa addu'a. Ayar nan ta 11 da muke lika wa a bango, wadda ke maganar shirin alheri, ga mutanen nan aka rubuta ta, kuma yawancin manyan da suka ji ta ba su ga ranar komawa ba. Duk wanda ya sa maka rana ya kuma karɓi kuɗinka, ka tambaye shi in ranar ta wuce wa zai ɗauki laifin. Kullum cewa ake bangaskiyarka ce ta gaza, na sha zama da waɗanda aka karya ta haka, wasu har yau ba su dawo sujada ba.

Nasara_Tabbas: Fasto ba na gardama da ku, amma ai gwauruwar nan ta Luka 18 naci ta yi har alƙali ya gaji

Fasto_Bulus_Dmg: Nacin addu'a kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ita ba ta sa wa alƙali rana ba kuma ba ta biya kowa ba, komawa ta dinga yi.

MamanTabita: Ayuba ƙanena ka bar ni in ɗan kauce daga maganarka, don wannan "lokacin Allah" ni na sha shi har ya ishe ni. Na daɗe da aure ban taɓa haihuwa ba. Tabita da kuke ji ɗiyar ƙanen maigidana ce, tun tana jaririya take hannuna, ɗiyata ce ba mai raba mu. Mun je asibiti, har Galmi mun je, an yi abin da za a iya. Abin da ya fi yi mini ciwo ba rashin ba ne, bakin mutane ne, a wajen suna ko biki wata ta dafa ki ta ce lokaci ne, ke ma na nan tafe kamar Hannatu, ta juya ta ci gaba da hirarta. Ita ta sauke nauyi ni kuma in koma gida in kwana ina kuka. Kun manta Hannatu ɗin ma kuka take yi ba ta cin abinci, kishiya na tsokanarta shekara da shekaru, har Eli firist ya ɗauka ta bugu ne. Ba shiru ta yi tana murmushi ba. Wadda ta taimake ni da gaske wata tsohuwa ce a zumuntar mata, ba ta taɓa ce mini zan haihu ba, zuwa take ta zauna muna tsinkar zogale tare, in na yi kuka ta bar ni in yi, in na gama mu yi addu'a. Har yanzu ina roƙo, ban daina ba, amma na daina ɗaukar rayuwata kamar ba ta fara ba sai na haihu.

Lidiya_SabonGari: Mama kun sa ni hawaye. Allah ya yafe mana irin maganganun da muke yi ba tunani.

Dan_Karkada: Abin da nake nufi ke nan tun farko. Na gode Mama.

Haruna_Mirya: Ni manomi ne, sai in faɗi ta inda na sani. Yakubu 5:7 ya ce a dubi manomi yadda yake jiran ruwan fari da na ƙarshe. Wanda bai taɓa noma ba zai ɗauka zama ake yi a inuwa. Mu tun rani muke sharar gona, mu kai taki, mu gyara iri, wasu ma binne suke yi, su sa hatsi a busasshiyar ƙasa kafin ɗigo ya sauka. Wani lokacin ruwa ya yi sau guda ya ɗauke, shuka ta ƙone, ka sake nemo iri ka sake shukawa. Ruwa ba a hannunka yake ba, kuma ba ka iya jan tsiro ya yi tsawo, amma ranar da ruwa ya zo ya tarar ba ka shirya gona ba to ba Allah ne ya makara ba. Ayuba kai ka san wane ne gyaran gona a cikin zancenka, wane ne ruwan sama.

Sila_Tanut: Tunda maganar zinariya ce bari wanda ya je ya yi magana. Na je Jado bayan an gano ta a 2014, kafin hukuma ta rufe wurin a 2017. Gaskiya akwai waɗanda suka samu, na gani da idona, amma waɗanda suka dawo da bashi sun fi yawa nesa ba kusa ba, kuma akwai waɗanda ba su dawo ba sam, rami ya rufta ko hanya ta cinye su. Ruwan sha saye ake da tsada, abinci haka, mai na'ura da mai mota su ke fara cire nasu kafin a zo kanka. Abokinka zai gaya maka labarin wanda ya dace, ba zai lissafa maka sauran ba. Sannan ba majami'a ba zumunci, kai kaɗai ne da Littafinka in ka iya ɓoye shi daga ƙura. Ban ce haramun ne ba, amma in gaggawar aure ce za ta kai ka to ka sake tunani, don yarinyar ma jira za ka bar ta tana yi, ba waya ba labari.

Markus_Kabukabu: Kuma in ya bar aji aka fito da sunaye bayansa fa? Shi ke nan shekarun sun tafi a banza

Dan_Karkada: Markus wannan "in aka fito" ɗin ne ya riƙe mutane har furfura ta fito musu. Ina da wa da ya yi ta jira haka.

Rifkatu227: Yusufu ma shekara 13 ya yi a kurkuku kafin Allah ya ɗaga shi

Malama_Saratu: 'Yar gyara kaɗan Rifkatu, 13 ɗin daga sayar da shi ne yana da 17 zuwa tsayawarsa gaban Fir'auna yana da 30, har da zamansa gidan Fotifar a ciki, ba duka a kurkuku ba. Amma akwai abin da nake so a gani a labarin. Yusufu bai yi shiru ba, da ya fassara wa mai shayarwar sarki mafarki ai roƙonsa ya yi, ya ce ka tuna da ni ka yi wa Fir'auna maganata a fitar da ni daga nan. Ya nemi hanya ke nan. Mutumin ya manta da shi shekara 2 cur. To wannan jinkirin mantuwar ɗan adam ce, laifi ne, ko da yake Allah ya juya shi ya zama alheri daga baya. Ni shi ya sa ba na son a riƙa shafa wa kowane jinkiri sunan Allah. Wani na Allah ne, wani sakacin mutane ne, wani zalunci ne ƙiri-ƙiri, kuma in muka ce duka lokacin Allah ne to mun wanke mai laifi.

Baba_Istifanus: Malama kin faɗi gaskiya. Amma a haɗa da Dawuda, sau biyu Saul ya faɗo hannunsa, a kogo da kuma cikin sansani yana barci, mutanensa na cewa yau ce ranar da Allah ya ba ka, ya ƙi taɓa shi. Ba kowace ƙofa da ta buɗe ba ce Allah ya buɗe.

Kaka_Laraba: Jikokina ne suka karanta mini, na ce a rubuta mini nawa. Ku yara wasunku ba ku da wayo a 2015. Ranar Juma'a 16 ga Janairu aka ƙone majami'u a garin nan, washegari abin ya kai Yamai. Mun gudu da abin da ke jikinmu, wasu suka kwana a barikin soja, mu maƙwabcinmu ne musulmi ya buɗe mana ƙofa ya ɓoye mu, Allah ya saka masa. Bayan nan mun yi sujada a wurin da ba rufi, ƙaurin hayaƙi bai gama fita ba, wasu suka bar gari ba su dawo ba kuma ban ga laifinsu ba. Mun tambayi Allah har yaushe. Matasa jininsu na tafasa, dattawa suka ce ba ramuwa, a gafarta. Ba a rana ɗaya zuciya ta yarda ba, tawa ta daɗe. Bishara ta shigo garin nan tun 1924 da 'yan mishan na SIM, ku duba har yau mu nawa ne, waɗanda suka fara ba su ga ko rabin abin da muke gani ba. Ni ban san amsar Ayuba ba, amma na san Allah bai bar mu ba a lokacin da muka ɗauka ya yi shiru.

Lidiya_SabonGari: Kaka Allah ya ƙara muku lafiya. Ina layin famfo tun dare nake bin zancen nan, na kasa ajiye waya.

Talatu_GarinMalam: Ni tambayata ga Fasto ce. Kullum misalan da ake kawowa masu kyakkyawan ƙarshe ne, Ibrahim ya samu, Hannatu ta samu, Yusufu ya hau. Maigidana ya yi jinya mai tsawo, ikilisiya duka ta yi azumi, ana ce mini Li'azaru ma sai da ya kwana 4 a kabari, Yesu bai makara. Na jira da dukan zuciyata. Ya rasu ya bar ni da yara. To ni lokacin nawa ina ya tsaya?

Fasto_Bulus_Dmg: 'Yar'uwa Talatu, ba ni da amsar da za ta cika wannan gurbin kuma ba zan ƙirƙiro ba. Abin da zan iya cewa, Littafi bai ɓoye irinki ba. Ibraniyawa 11 da ke jera jarumawan bangaskiya, ita ce ta ce dukansu sun mutu ba su karɓi abin da aka alkawarta ba, daga nesa suka hango. Bulus ya roƙa sau 3 a cire masa ƙaya, ba a cire ba. Zabura 88 daga farko har ƙarshe kuka ce, ba ta ƙare da murna ba, kuma Allah ya bar ta cikin Littafinsa. A kabarin Li'azarun ma Marta da Maryamu duk sun ce masa da kana nan da bai mutu ba, bai tsawata musu ba, kuka ya yi. Mun yi kuskure a matsayin ikilisiya in muka koya wa mutane cewa jira na nufin dole ka samu abin da ka roƙa a nan duniya. Begenmu na ƙarshe tashin matattu ne. Na san wannan bai biyan kuɗin lakwal ɗin yara, shi ya sa zan yi magana da dattawa, kuma in kin yarda ni da maman yara za mu shigo gobe da marece.

Talatu_GarinMalam: Ku zo Fasto. Na gode da ba ku ce mini in yi shiru ba.

Malama_Saratu: In dawo kan Ayuba. Wai me ya hana auren ne takamaimai, rashin lambar aiki ta ma'aikacin dindindin ko kuɗin biki? Don in balis ne, wato lefe, da kayan ɗaki da anko da abincin mutum ɗari-ɗari, wannan mu muka ɗora wa kanmu, ba ya cikin Littafi. Mu iyaye mata mu ke tsawwalawa don kar a ce ɗiyar wance ta fi tamu, sannan mu juyo mu ce wa yaro ya jira lokacin Allah. Yara na tsufa a gida, wasu na faɗawa cikin abin da bai kamata ba, muna kallo.

Ayuba_Zango: Malama gaskiya rabi da rabi ne. Babanta mutumin kirki ne, shi aikin dindindin yake so ya gani don hankalinsa ya kwanta, ɓangaren mata kuma lissafin da suka kawo ko na shekara ina tarawa ban kai ba. Na karanta duka, maganar Sila ta sanyaya mini jiki, ta Baba Haruna kuma tun ɗazu nake juya ta. Ban ce wa abokina e ba ban ce a'a ba. Baba Istifanus in ba damuwa ina so ku raka ni wajen babanta a zauna a yi magana a fili.

Baba_Istifanus: Ba damuwa ɗana, ka same ni bayan sujada ran Lahadi mu sa rana. Ka fara gaya wa innarka.

Dan_Karkada: Madalla da wannan, amma ni har yanzu ban ji wanda ya amsa ainihin tambayar ba. In babanta ya ce sai lambar aiki, lambar kuma ba ta fito ba bana ba ta fito baɗi ba, sai yaushe mutum zai ce ya isa haka ya nemi wata hanya? Ko Nehemiya wata 4 ya yi yana addu'a sannan ya buɗe baki gaban sarki, bai shekara goma ba.

Nasara_Tabbas: Shi ya sa na ce a yi azumi, ko ba iri a yi azumin

Markus_Kabukabu: Ayuba akwai wani mai babur da ke neman wanda zai riƙa ja masa da marece, in kana so ka yi mini magana ta gefe

MamanTabita: Malama Saratu maganar balis ɗin nan ki kawo ta zumuntar mata ran Alhamis, ni zan goya miki baya, amma ki shirya don akwai waɗanda ba za su so ba.

Lidiya_SabonGari: Ni fa Mama ban yarda a soke kayan ɗaki duka ba, yarinya ta shiga gidan miji hannu biyu dangin miji su raina ta? A rage dai, amma wa zai faɗi iyakar ragin?